Ina Lauyan Talaka?

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi 'yancin ya kare kansa, ko ya ɗauki lauyan da ransa ke so. To, madalla! Amma mai shayin Sabo a Ibadan, ko ɗan dakon kasuwar Mile 12 a Ikko, wanda aka kwashe a samame, wane lauya zai zaɓa, alhali jarinsa kaf bai kai kuɗin zama ɗaya a kotu ba?

Za a ce mana akwai Hukumar Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, aka sabunta dokarta a 2011. Mun sani. Sai dai lauyoyinta 'yan ƙalilan ne, wanda ke tsare kuwa sau da yawa bai ma taɓa jin sunanta ba. Majistare ya aika da shi Agodi ko Kirikiri, fayil ya yi barci, damina ta wuce, wata ta zo. Fiye da rabin mazauna gidajen yarin ƙasar nan shari'a suke jira, ba a yanke musu hukunci ba.

Abin takaici, sashen nan dai ya tanadi tafinta kyauta. Amma Bahaushe nawa ne ya gyaɗa kai ga tuhumar da aka karanta da Ingilishi, bai san laifi ya amsa ba?

Muna kira ga sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su kafa asusun ɗaukar lauya. Mu kuma ɗaliban Hausa, me ya hana mu zuwa kotu mu yi tafinta?