Sulke Mai Ƙidayar Maki: Yadda Na'ura Ta Sāke Wasan Taekwondo

Yau daga London za mu yi magana a kan taekwondo, watau wasan shuri na mutanen Koriya, da yadda na'ura ta sāke shi.

A wasannin Olamfik na Beijin a 2008, wata Baturiyar Ingila, Sarah Stevenson, ta shuri kan abokiyar karawarta Chen Zhong ta ƙasar Sin, amma alƙalai ba su ba ta maki ba. Sai da aka kai ƙara kana aka mayar mata da nasararta. Ido yakan gaza, gama ƙafar gwani ta fi ƙiftawa sauri. Domin haka a London a 2012 aka fara sa wa 'yan wasan Olamfik sulke mai lantarki. Akwai maganaɗisu a cikin safar ƙafa. In ƙafa ta sami sulke da ƙarfin da aka ƙayyade, sai maki ya hau allo da kansa.

To, adalci ya samu, amma 'yan wasa suka karanci halin na'urar. Ita ba ta san kyan shuri ba, taɓawa da ƙarfi kaɗai take aunawa. Sai suka koma tsayawa a kan ƙafar baya, suna ɗaga ta gaba suna zungure, gama ita ce mafi kusa da sulken abokin karawa. Dogo ya sami riba. Issoufou Alfaga na Nijar, wanda tsayinsa ya haura mita 2, ya ci lambar azurfa a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, ko da yake tsayi ba ya ci sai da gwaninta.

Waɗansu suna cewa a jefar da na'ura a koma ga ido. Ni ban yarda ba. Gyara yana ga farashin kowane shuri. A Riyo, Lutalo Muhammad ɗan London yana gaba da maki 6 da 4, saura daƙiƙa guda, sai Cheick Cissé na Kwaddibuwa ya juya ya shuri kansa, ya sami maki 4, ya ɗauki zinariya. A Paris a 2024 kuwa, naushi maki 1 ne, shurin jiki 2, na kai 3, na juyi a jiki 4, na juyi a kai 5. In kasada ta fi zungure tsoka, matsoraci ma zai koyi juyi.

A damben gargajiyarmu ba a bukatar allo, gama wanda ya kai ƙasa an kashe shi, kowa ya gani. Taekwondo kuwa tilas sai da ma'auni. Saboda haka masu horon yara a Kano da Yamai su koya musu lissafin maki tare da shuri, su kuma nemi sulken lantarki na gwaji, kada yaro ya fara ganinsa ranar gasa.