GASAR ZANEN GINI: A FARA DA KUDUDDUFIN UNGUWA

Jama'a, akwai wata al'ada a makarantun da a ke koyar da zanen gini, nan da ƙasashen waje, wadda ya kamata talaka ya san da ita, gama ta shafi rumfarsa da ɗakin kwanansa. Watau a kan sa gasa tsakanin ɗalibai, a nuna musu wani fili, a ce kowa ya zana ginin da ya dace da shi, wanda ya fi a ba shi kyauta. A 'yan shekarun nan masu shirya irin wannan gasa sun karkata ga ginin da ba ya ɓata ƙasa, da tsare fadamu da tafkuna. Madalla. Amma sau da yawa abin da a kan ce su zana shi ne hasumiya a bakin fadama, inda baƙo zai hau ya kalli tsuntsaye. Ba mu ƙi tsuntsu ba. Sai dai a wurinmu fadama tukunyar abinci ce.

Ku dubi fadamar Haɗejiya da Nguru. Daga can shinkafa da busasshen kifi ke shigowa kasuwanninmu, can makiyayi ke kai shanunsa da rani. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwan ya daina zuwa yadda ya saba. Kachala ta samu wuri, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, na gaba da shi ya bushe. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta ce duniya ta tsare. Sunan ya shiga takarda, masunci kuwa yana nan yana yaƙi da kachala da lauje.

Na cikin birni ma kada ya ce babu ruwansa. Kakanninmu a Kano sun haƙi ƙasa sun gina gidaje da ganuwa, ramukan suka zama kududdufai, kowace unguwa da nata. In an yi ruwan sama, nan ya ke gangarawa ya kwanta. Yau fa? An cike su da shara, an yanka fuloti, an dasa kantuna. Wa ya sa hannu a takardun? Ba mai sayar da tattasai ba ne. Ruwa kuwa ba ya karanta takardar fuloti, in ya zo bai tarar da gidansa ba sai ya shiga naka. 'Yan Kantin Kwari sun gani da idonsu a daminar 2022, ranar da ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa atamfa da shadda na mutanen da da yawansu bashi suka ɗauko.

To, ga jami'o'i muna da su, har sashen koyon zanen gini na Zariya ya girmi 'yancin kan Nijeriya. Me zai hana a sa wa ɗalibansu gasa a kan kududdufi guda da ya saura? A ce su zana yadda za a yashe shi, a hana masa shara da sauro, a tsare yara kada su faɗa, a jera rumfuna a gefensa ba tare da an ci masa taku ɗaya ba. Wata shekarar a kai su ƙauyen masunta, su zana wurin banda kifi da rumbun da ambaliya ba za ta taɓa ba.

Wani zai ce, yara me suka sani? Ai yaron da ke riƙe da fensir yau shi zai riƙe hatimin ofishin tsara birni gobe. In ya tashi bai san amfanin kududdufi ba, da hannunsa zai sayar da na ƙarshe. Kuma ba sai an kai shi Turai ya ga abin koyi ba. Babban Gwani Mika'ilu da tubali da azara ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Falke Barmu, magini a Yama ta ƙasar Tawa, da ƙasa ya gina masallacin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Soron ƙasa sanyi gare shi a bazara, ɗakin bulo da kwano kuwa kowa ya san yadda a ke kwana cikinsa a watan Afrilu.

Abu ɗaya mu ke so a kiyaye, shi ne alƙalan gasar. Kada a tara malaman jami'a da 'yan kwangila su kaɗai a ɗakin otal. A sa sarkin kasuwa, a sa magini, a sa masunci, a sa matar da ke kwashe ruwa daga ɗakinta da ƙwarya kowane watan Agusta. Zanen da ya ci a kafe shi a ƙofar kasuwa wata guda cur, a rubuta kuɗin gininsa a ƙasa da manyan baƙaƙe, da Boko da Ajami, don mai wucewa ya tsaya ya lissafa.