ZAUREN ANTI: Ƙwayoyin da Umma ke Ɓoyewa a Langa

Na san da yawanku kun buɗe shafin nan ne kuna jiran ci gaban zancen lefe da muka faro a watan jiya. To ku yi mini haƙuri na jingine shi tukuna, domin kuwa wata wasiƙa ce ta shigo hannuna wadda tun da na karanta ta ban sami sukuni ba.

Wata ɗiyata ce 'yar aji biyar a sakandare ta rubuto daga Gusau, ta ce in sakaya sunanta. Mahaifiyarta ta daɗe da hawan jini, bara kuma aka wayi gari bakinta ya ɗan karkace, hannun dama ya yi nauyi, Allah dai ya taƙaita ta miƙe. Da aka gwada jini a asibiti sai aka ce maiƙo ya yi yawa a cikinsa, wato abin da likitoci ke kira kolastarol, aka ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya kullum da dare. Yayansu ne ke sayowa duk ƙarshen wata. To ranar wata Asabar ana gyaran ɗaki, yarinyar nan ta buɗe wata langa a can saman jere, sai ga katin magani har uku ba a ɓalli ko ɗaya ba. Da ta yi magana sai Umma ta ce, "Ke raba ni da maganin nan, tun da na fara sha cinyoyina kamar wadda aka yi wa dukan kawo wuƙa, ko ruku'u da ƙyar nake yi. Kuma ban yarda ki gaya wa yayanki ba." Tambayarta ita ce: Anti, in tona ko in yi shiru?

Ɗiyata, bari mu fara da maganin kansa. Ki duba bayan katin, za ki ga sunan ya ƙare da "statin", ko dai simvastatin, ko atorvastatin, ko rosuvastatin, duk 'yan gida ɗaya ne. Wani masani ɗan Japan mai suna Akira Endo ne ya gano na farkonsu a 1973, kuma kin san daga ina? Daga fumfuna! A 1987 aka fara sayar da irinsa a Amurka. Yawancin maiƙon da ke yawo a jini ba daga ganda ko man shanu ya zo ba, hanta ce ke sarrafa abinta, shi kuwa maganin taka mata birki yake yi, sai ta koma tana zuƙe wanda ke cikin jinin. Idan aka bar maiƙon sai ya dinga daskarewa a jikin jijiyoyi har hanya ta tsuke, ranar da ta toshe kuwa shi ne bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A 1994 an gwada simvastatin a kan masu ciwon zuciya su 4,444 a ƙasashen arewacin Turai, mace-mace suka ragu da kashi 30 cikin 100.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne maiƙon nan ba ya ciwo. Umma za ta ajiye magani ta ji garau, ta ce ai ga shi na huta, alhali kuwa ɓarnar na can tana gudana shiru. Wadda ta taɓa ganin bakinta ya karkace sau ɗaya, ba ita ce za ta yi wasa da wannan ba.

To amma fa kada ki je ki ce mata raki take yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ciwon da take ji na gaske ne. Abin tambaya kawai, maganin ne ya kawo shi ko wani abu? A 2022 masana a Jami'ar Oxford ta Ingila sun tattara gwaje-gwaje 19 da aka yi a kan mutum kusan 124,000, inda aka ba wasu maganin gaske, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta, ba wanda ya san wadda aka ba shi. Masu shan na gasken kashi 27 da ɗan ɗori cikin 100 suka yi kukan ciwon jiki, masu shan holoƙon kuwa kashi 26 da rabi. Kin ga ke nan fiye da tara cikin goma na ciwon ba daga maganin yake ba. Akwai shekaru, akwai sanyin ƙashi, akwai daka da jan ruwa a rijiya, akwai kuma tsoron da maƙwabta ke cusa wa mutum a gidan suna. Haka a 2020 an yi wani gwajin a Landan da mutum 60 waɗanda duk sun yi fushi da maganin sun daina. Da aka nuna musu cewa ƙwayar banza ma kusan irin ciwon ta sa musu, rabinsu suka koma sha.

Duk da haka akwai waɗanda maganin ne da gaske, kuma yana da kamanninsa. Yakan kama manyan tsokoki ne, cinyoyi, sha-raɓa, kafaɗu, kuma dama da hagu a tare. Yakan fara ne makonni ko 'yan watanni bayan an soma sha ko an ƙara ƙarfinsa, in an dakata kuma ya lafa cikin 'yan makonni. Gwiwa ɗaya mai ƙara in an durƙusa, wannan kam da wuya a ce shi ne. Cinyoyin Umma sun ɗan yi kama da na farkon, shi ya sa na ƙi in watsar da maganarta. Ki tambaye ta, tun da ta ajiye wata uku ke nan, ciwon ya tafi ko yana nan? Amsar nan kaɗai za ta taimaki likita ƙwarai.

Sannan ki duba sauran magungunanta. Akwai na hawan jini mai suna amlodipine da ake yawan ba iyayenmu, in an haɗa shi da simvastatin ba a son simvastatin ɗin ya wuce miligiram 20. Akwai clarithromycin da erythromycin da mutane kan saya a kyamis in tari ya matsa, da ƙwayoyin ketoconazole da itraconazole, duk suna sa wasu daga cikin magungunan nan su taru a jini fiye da kima. Lemon garehul ma haka yake yi da simvastatin da atorvastatin. Jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ƙawayenta ke kawo mata su ma a faɗa, ba abin kunya ba ne. Ki zuba komai da komai a leda ɗaya ku tafi da shi.

Likita ba zai rasa dabara ba. Zai iya auna jini ya ga ko tsoka na lalacewa, ya duba maƙoshi ko halittar nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo ta yi sanyin aiki, don ita ma tana kawo ciwon jiki. Zai iya rage ƙarfin maganin, ko ya canza mata wani daga cikin dangin, ko ya ce rosuvastatin kaɗan yau a sha gobe a huta. In duk sun ƙi akwai ezetimibe, wanda shi a hanji yake aiki. Ɗan ɓacin ciki ko ciwon kai na farkon sha yawanci wucewa suke yi. Maganin yakan ɗan ɗaga suga ga wanda dama yake bakin gaɓa, don haka a riƙa aunawa.

Abu biyu ne ba a jira da su, ku haddace 'yan mata. Idan ciwon ya yi tsanani har mutum ya kasa tashi daga tabarma, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, a tsayar da magani a nufi asibiti a ranar, domin ƙoda ce ke cikin haɗari. Haka in ido ya yi ɗorawa kamar na mai shawara. Ba kasafai ake gani ba, amma in an gani ba a kwana.

Na ji kuma wasunku na cewa "maganin rage kitse" ne, har ana ɗauka a ɗakin Hajiya wai don a rage tumbi kafin biki. Haba 'yan mata! Ko awo ɗaya ba ya ragewa a jiki. Wadda kuma likita ya ɗora ta a kai da ƙuruciyarta, don akwai masu gadon abin ko da sirara ne, in aure ya zo ko ta ga alamar juna biyu ta sanar da shi da wuri, domin yawanci akan dakatar har a haihu a yaye.

Saura batun amana. Ni dai a ganina kada ki zagaya ta bayanta, kuma kada ki yi shiru. Ki bari sai bayan isha'i ɗaki ya yi tsit, ki zauna kina matsa mata ƙafa, ki ce, "Umma, na yarda maganin nan na wahalar da ke, amma an ce ana canza shi. Don Allah mu koma asibiti ranar Litinin, ni zan raka ki." In ta amince, ita da bakinta za ta gaya wa Yaya, kin fita. In ta ƙi har mako ya zagayo, ki durƙusa ki ce mata ba za ki iya riƙe wannan ke kaɗai ba, za ki faɗa masa, sannan ki faɗa. Za ta yi fushi, ƙila ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarki da sakin fuska ba, ki daure. Katunan nan uku kuma kada ki mayar da ita kansu da kanki, ki kai wa likita ya gani a yadda suke.

Ki sake rubuto mini in kun dawo, ina son in ji abin da aka canza mata. Zancen lefe kuma sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.