Raddi Ga Masu Cewa Zafin Bazara Yana Wanke Hayaƙi

Wani malamin kimiyya ya tsaya kai da fata cewa ƙona gona da daji a fadamun Bengou ba abin damuwa ba ne. Hujjarsa ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin haɗuwar sinadarai, don haka zafin Afrilu a ƙasar Gaya ya isa ya cinye hayaƙin. Malam, da girmamawa, maganar nan ba ta tsaya ba.

Mu fara da ninkin. Ƙiyasi ne da aka samo daga aikin van 't Hoff na 1884, ba doka ba. Lissafin Arrhenius na 1889 ya nuna cewa tasirin zafi ya dogara ga tsayin shingen kuzarin da sinadarai za su tsallake kafin su haɗu. Mai wanke iska kuwa shi ne radikal ɗin OH, guntun sinadari mai elektron guda maras abokin zama, wanda ba ya cika daƙiƙa ɗaya a raye. Shingensa da iskar metan gajere ne, kusan kilojul 15 a kowane mol. Ka lissafa da kanka: daga digiri 25 zuwa 35 saurin yana ƙaruwa da kusan kashi 20 cikin 100. Ina ninki a nan? Ga shi metan kan shafe kusan shekara 9 zuwa 10 a sama.

Ka kuma ce zafi ba ya taɓa rage gudu. Yana ragewa. Haɗuwar OH da isofirin, tururin da itatuwa ke fitarwa, ba ta da shinge ko kaɗan. Su biyun sukan fara riƙe juna sako-sako ne tukuna. Zafi na hawa, riƙon na saurin kwancewa, kamar mutum biyu da suka yi musabaha a guje a kasuwar Gaya. Ƙarin digiri 10 yana rage saurin da kusan kashi 4 cikin 100. Haka haɗuwar sinadaran HO2 da NO take, haka ma ta OH da NO2. Injiniyoyin mota sun daɗe da sanin wannan: akwai matakin zafin da ƙonewar fetur ke yin nawa maimakon sauri.

Abin da ya fi rusa hujjarka, gubar hayaƙi ita ce kabon monoksaid, kuma haɗuwarta da OH kusan ba ta kula da zafi. Matsin iska ya fi taɓa ta. Gubar takan yi makonni tana yawo, iska ta kai ta Malanville ko Kamba ba tare da ta nemi takarda a iyaka ba.

Sannan ka manta inda OH ke fitowa. Hasken rana ne ke fasa ozon, ɓarin ya haɗu da tururin ruwa. A lokacin hunturu da ake ƙone-ƙone iska a bushe take, ƙurar buji kuma ta tare haske. Masu binciken shirin AMMA da suka tashi da jirgin BAe-146 daga Yamai a daminar 2006 sai da suka auna OH kai tsaye a sama, domin ma'aunin zafi shi kaɗai ba ya faɗin yawansa.

Toka da baƙin ƙura da ke shiga huhun yara kuwa ba aikin radikal ba ne kawar da su. Ruwan sama ke sauke su, kuma a Bengou ba a sa ran sa sosai kafin Mayu.