Kyautar da Ake Cin Riba a Kanta

A kasuwa ba a saba jin ɗan kasuwa ya raba hajarsa kyauta kuma ya yi arziki ba. Amma a duniyar kwamfuta an yi hakan, kuma a ganina mu ɗaliban harshe muna da rabo a ciki, in mun buɗe ido.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka saki ainihin rubutun da aka gina ta da shi, kowa ya duba, ya gyara, ya ba wani. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fara Linux. Kamfanin Red Hat na Amurka ya ɗauki wannan Linux ya kafa kasuwanci a kansa. To me yake sayarwa, tunda kayan na kowa ne? Tabbaci yake sayarwa. Banki ko ma'aikata za su biya kuɗi duk shekara domin a riƙa toshe musu ɓaraka, kuma su sami wanda za su kira idan na'ura ta tsaya cikin dare. A 2012 kuɗin shigar Red Hat na shekara ya haura dala biliyan 1, a 2019 kuwa IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34. Shi kansa Microsoft, wanda shugabansa na wancan lokaci Steve Ballmer ya taɓa kwatanta Linux da ciwon daji a 2001, ya sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5, wato zauren da magina manhaja suke ajiye ayyukansu. Masu iya magana dai sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka kada a ruɗe mu da kalmar kyauta. Dabara ce. Idan magini ya saba da kayan aiki tun yana ɗalibi, ranar da ya sami aiki shi zai ba maigidansa shawarar a saya. Wannan ne ya haifar da wata sana'a, ta jakadan kamfani wajen magina manhaja. Aikinsa rubuta jagorar amfani, gabatar da jawabi a taruka, amsa tambayoyin masu koyo, da kai koke-kokensu wurin injiniyoyin kamfani. Duba da kyau, wannan ai tafinta ne tsakanin ɓangarori biyu da ba su cika fahimtar juna ba. Injiniya ya san abinsa, amma sau da yawa bayaninsa sai ɗan'uwansa injiniya. Wanda ya karanci fassara da nazarin ma'ana ya san yadda ake sauko da magana daidai kunnen mai sauraro.

Wani zai ce ai dole sai an iya rubuta manhaja. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan. Jakadan da bai taɓa gina komai ba, magina za su gane shi daga tambaya ta biyu. Sai dai koyon harshen kwamfuta irin su Python bai fi ƙarfin wanda ya sha fama da tsarin sauti da ginin jimla ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne amana. A watan Agusta na 2023 kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin manhajarsa Terraform, ya taƙaita wa abokan gasa amfani da ita. Mutanen da suka yi shekaru suna ba da gudummawa kyauta suka fusata, suka ɗauki tsohon rubutun suka kafa OpenTofu ƙarƙashin Gidauniyar Linux. MongoDB ya yi makamancin haka a 2018, Elastic kuma a 2021. A irin wannan rana shugabanni ne ke yanke hukunci, amma jakada ne ke tsayawa gaban jama'ar da ya yi ta roƙo su yarda da kamfanin. Albashinsa daga kamfani yake, mutuncinsa kuwa a hannun magina. Shi ya sa nake ganin duk ɗalibin da ke sha'awar wannan aiki, kafin ya tambayi albashi ya karanta lasisin manhajar, ya kuma binciki wa ke da ikon sauya shi.