Zare a hannu, labari a kunne: abin da Abuja ba ta ƙirgawa a Kontagora

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, tsakar gidajen Kontagora kan sauya kama. Bayan an sauke tukunyar rana an yi azahar, sai uwargida ta shimfiɗa tabarma inda hantsi bai gama janyewa ba, ta jefa dunƙulen ulu cikin tsohon kwano don kada ya gangara cikin ƙura, ta ɗauki kwarashi. A jikin bango wayarta ce jingine, wata murya tana karanto littafi babi bayan babi. Hular jariri ce a hannunta, ko safa, ko rigar sanyin ɗan firamare. In maƙwabciya ta leƙo, tambaya biyu ce a bakinta: ina aka kwana a saƙa, ina kuma aka kwana a labari.

Ma'aikacin da ke rubuta takardun tsare-tsare a sakatariyar tarayya, ko hadimin da ke shirya wa maigidansa jawabin ranar mata, zai iya kallon wannan zama a matsayin kashe lokaci. Ya yi kuskure. Abubuwa biyu da gwamnati ke ware wa kuɗi kowace shekara, wato sana'ar hannu da ilimin manya, su ne ke gudana a kan wannan tabarma, ba tare da an yanka kintinkiri ko an gayyaci 'yan jarida ba.

Kontagora ba baƙuwar littafi ba ce. A Kagara, wadda a lokacin take cikin lardin Kontagora, aka haifi Abubakar Imam a 1911, kuma da ya shiga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, a Kontagora ya buɗe labarin Ruwan Bagaja. Kafin shi, Umaru Nagwamatse da ya kafa masarautar jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, goggonsa kuwa ita ce Nana Asma'u, wadda ta tsara 'Yan Taru don ilimi ya iske mata har cikin ƙauyukansu. Abin takaici, matashin Abuja na yau ya fi sanin Kagara da sace ɗaliban kwalejin kimiyya a Fabrairun 2021, ya san Tegina da kwashe yaran Islamiyya a watan Mayun shekarar. Ta Tegina hanyar Minna zuwa Kontagora ta bi, saboda haka duk fargabar da ke kan hanyar tana ƙarewa ne a kan farashin kaya, har da zaren da ke cikin wancan kwano.

Zaren ma abin dubawa ne. Sunansa ulu, amma mafi yawansa bai taɓa ganin bayan tunkiya ba. Na roba ne, daga sinadaran man fetur ake yin sa, kuma akasari daga waje ake shigo da shi, musamman Sin. Don haka farashinsa dala yake bi. Da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni, kuɗin zare da kuɗin mota suka tashi tare. Mai saƙa ba ta da ikon ɗaga nata farashin daidai da haka, domin a bakin kasuwa ga dilar gwanjo an kwance, ga kuma rigunan sanyi na kanti masu araha da masana'antun ƙetare ke fitarwa dubbai a yini. Sai ta rage ribarta. In aka tambaye ta abin da ta samu a kan riga, kuɗin zare kawai take cirewa. Kwana uku ko huɗun da ta yi sunkuye, da idon da ke yi mata yaji da dare, ba su shiga lissafi. Dillaliyar da ke zaga gidajen suna da kayan ita ma da nata kason. Duk wannan a yankin da ya taɓa tinƙaho da auduga: masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007.

A takardun Abuja kuwa wannan mata ba ta da matsala. Tun da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'auni a 2023, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana lissafa shi cikin masu aiki. Da haka rashin aikin yi ya sauko daga kashi 33.3 cikin ɗari na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Ma'aunin ba na ƙarya ba ne, shi ƙasashe da dama ke bi, amma bai faɗi ko ribar hula goma za ta sayi mudun shinkafa nawa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganin da aka saba kawowa sananne ne: a kafa rumfa, a jera injunan saƙa da kekunan ɗinki, a ɗauki hoto, ayarin motoci ya juya Minna ko Abuja kafin la'asar. Bayan wata uku injin yana ƙarƙashin gado, ko an sayar da shi an biya kuɗin asibiti. Ba butulci ba ne. Injin da babu zare, babu mai gyara, babu mai sayen abin da ya saƙa, nauyi ne kawai a ɗaki. Abin da macen Kontagora ta rasa ba gwaninta ba ce, mai saye ne tabbatacce wanda zai biya a kan lokaci.

Gwamnati kuwa ita ce babbar mai saye a ƙasar nan, kuma tun Mayun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya ce ma'aikatu su fifita kayan gida wajen sayayya. Ga misali ɗaya mai sauƙi. Jariri sabuwar haihuwa yana saurin rasa ɗumin jiki, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a rufe masa kai, musamman bakwaini da ake ɗorawa a ƙirjin uwa. Shirye-shiryen lafiya da dama na raba wa masu juna biyu jakar kayan haihuwa don jawo su asibiti. Me zai hana hula da safar da ke cikin jakar su fito daga hannun matan garin da asibitin yake? Wanda ya san ofis ya san amsar: rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, takardar fansho, sannan jiran biya na watanni. Babu matar da ke saƙa a tsakar gida da za ta tsallake waɗannan shingaye ita kaɗai. Ƙungiyar gama kai mai rajista za ta iya, in an ba ta rabin kuɗi tun farko ta sayi zare a sari. Wannan aikin jami'in sayayya ne da daraktan kuɗi, ba sai an kai ƙuduri majalisa ba.

Sai batun abin da wayar ke karantowa, wanda a nan ne masu digiri suka fi yatsina fuska. Littattafan soyayya ne, magadan So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. An daɗe ana zarginsu da ɓata tarbiyya, har aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Ba su mutu ba, ƙaura suka yi daga rumfar mai haya zuwa zaurukan WhatsApp, inda marubuciya ke sakin shafi kullum ga waɗanda suka biya, da tashoshin YouTube masu karanta su da murya.

Zargin ba duka ne ƙage ba. Akwai masu cusa batsa don jan kasuwa, akwai labaran da ba su san kowa ba sai attajirin Maitama da jirgin Dubai. Ƙa'idar rubutu kuwa sai dai a yi shiru: ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta ɓace, rabin jimla Turanci, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Sauraro ma ba ya maye gurbin karatu, yarinyar da ta saba da murya kaɗai idonta ba zai saba da harafi ba. Amma a cikin waɗannan labarai ne mata ke tattauna kishi, da auren dole, da saki, da rabon gado, da cutar sikila, a harshen da suke mafarki da shi. Matar da aka cire daga makaranta a aji uku na sakandare, in har yau tana iya karanta saƙon asibiti da takardar sakamakon ɗanta, sau da yawa waɗannan littattafai ne suka riƙe mata karatun. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna irin alƙaluman da ke cikin gidajen in an ba su fili da edita.

Hukumar yaƙi da jahilci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1990, tana da masu karatu a shirye da ba ta nema ba. Za ta iya sayen haƙƙin zaɓaɓɓun littattafai daga marubutansu, malaman harshe da ke Kontagora su tace rubutun, a buga su da arha don azuzuwan manya. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet, amma marubuciyar da aka kwafe littafinta aka karanta a tasha ba da izininta ba, da wuya ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Mai wucewa ta tsakiyar Abuja kuma yana ganin ginin hedikwatar ɗakin karatu na ƙasa da aka fara tun 2006, shekara da shekaru ana jiran ranar buɗe shi.

Ko da wani ofishi zai gwada sayen hulunan, sai ya lura da kalanda. Kuɗin ayyuka kan fito a makare, saƙar hannu kuma ba ta gaggawa. Odar da aka bayar a Disamba za ta iso ne a Maris, lokacin da zafin Kontagora ya hana kowa barci a ɗaki. A watan Yuli ko Agusta, ana tsakiyar damina, ya kamata zaren ya isa hannun masu saƙa.