Waya da lagwani: abin da ƙannenmu ke zuƙa a fada

Hutun da ya wuce na je gida Madawa. Da dare na leƙa fadar yaran unguwarmu shan shayi, sai na iske ɗan yayata, ɗan shekara 17 da ke gyaran salula kusa da tasha, ya duƙufa yana naɗa wata siririyar waya a jikin ƙusa. Ya zare ƙusar, ya cusa auduga tsakiyar naɗin, ya ɗiga wani ruwa mai ƙamshin mangwaro. Da ya danna ya zuƙa, wuri ya turnuƙe, abokai suka sa sowa. Na ce, "Kai, mi ke nan?" Ya ce, "Kawu, wagga ba taba ba ce, tururi ne kawai."

Na'urar, wai wajen wani ɗan bida da ya dawo daga Libiya ya saye ta. Bayan ƴan makonni wayar ciki ta ƙone, kuma babu inda zai samu sabuwa a garin. Sai ya duba bidiyo a YouTube, ya warware wani mataccen risho na lantarki ya ciri waya, auduga kuwa ya yago daga tsohon matashin kai. Yanzu har daga Buza ake aiko mashi gyara. Wallahi sai da hannun yaron ya burge ni. Amma ban yi barci kirki ba daren nan.

Ku tsaya mu buɗe cikin abin. Tabar lantarki, wadda wani Basine mai haɗa magunguna, Hon Lik, ya ƙirƙiro a 2003, abu huɗu ce: batir, naɗin waya, lagwani, da ruwa. Batir ya ba waya wuta, waya ta yi zafi, lagwani ya jawo ruwa kamar yadda na aci-balbal ke jawo mai, ruwan ya zama hazon da ake zuƙa. Ruwan ba na rijiya ba ne. Haɗi ne na gilisarin da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, da nikotin, wato ainihin abin da ke ɗaure mai shan sigari.

Masu wannan naɗi a ƙasashen Turawa ba kowace waya suke ɗauka ba. Suna amfani da Kanthal, haɗin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom, ko wata ta nikel da kuromiyom, kuma suna da na'urar auna ƙarfin da wayar za ta ja kafin su kusanta ta da baki. Duk da haka, a 2018 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna hazon na'urorin da mutane ke sha kullum, suka samu dalma da nikel da kuromiyom da manganis a ciki. Wannan fa waya ce da aka yi domin aikin. To ina ga wadda ta shekara tana dafa shayi, ta yi tsatsa, ta sha ƙura? Lagwani kuma in ya bushe, audugar ce ke ƙonewa, ruwan da ya rage ya toye, ya fitar da guba irin su fomaldihaid. Ɗacin nan da yaran ke cewa "ta ƙone" suna dariya, shi ne.

Sai batir. In wayar ta yi kauri ko naɗin ya yi kaɗan, tana jan wutar da ta fi ƙarfin batirin litiyom, ya yi zafi, ya fashe. A watan Mayu na 2018 irin wannan fashewa ta kashe wani mutum a jihar Fulorida. Mu kuwa nan Adar, a watan Afrilu, yaro na barin tasa cikin aljihu ko kan kabu-kabu a rana tsaka. Ɗan yayata ba shi da abin awo. Ido ne ma'auninshi.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa, don haka bari in riga ku. E, hukumomin lafiya na Ingila sun ce ga wanda ya riga ya kamu da sigari, komawa ga tabar lantarki ya fi mashi sauƙin cuta. Ban musa ba. Amma magana suke kan kayan da aka auna aka tantance, kuma kan babban mutum mai neman bari. A Tarayyar Turai doka ta ƙayyade nikotin ga miligiram 20 a kowane mililita, alhali ire-iren da ke yawo a duniya da "5%" rubuce a kwali suna da 50. Yaran da na iske a fadar nan kuwa, yawancinsu ba su taɓa sa karan sigari a baki ba. Ba fita suke nema ba, shiga suke yi ta sabuwar ƙofa mai ƙamshin alawa. Kakata ta ci taba gari da kanwa har ta rasu, amma ba ta taɓa ce mana ba taba ba ce.

Abin da ya fi tada mani hankali yana gaba. Beljiyom ta hana sayar da ƴan ƙananan nan na sha-ka-yar tun 1 ga Janairun 2025, Faransa ta bi sahu a Fabrairu, Birtaniya a 1 ga Yuni. Indiya ta haramta tabar lantarki gaba ɗaya tun 2019. Masana'antun Shenzhen ba su rufe ba. Duk wanda ya ga yadda tsoffin motoci da maganin tebur ke ƙarewa a kasuwanninmu ya san inda kayan da aka kora daga wani wuri ke sauka. Kowace guda kuma akwai batir a cikinta, in ta ƙare sai a wurga. Iyayenmu mata na Keita tun 1984 suke dakon duwatsu a ka don su farfaɗo da ƙasa, mutanen Majiya tun 1975 suke dasa layukan dogon yaro don tare iska. Ba su yi wannan wahala don mu cika fadamun albasa da matattun batura ba.

Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, ta kuma kafa dokarta a watan Mayu na 2006. Lokacin nan ko a Yamai wa ya san tabar lantarki? Shi ya sa nake tambayar ma'aikatar kiwon lafiya da ta kasuwanci da jami'an duwan, da babbar murya: wa ke auna ruwan nan kafin ya shigo? Wa ke hana a sayar wa ɗan shekara 15? Muna son amsa a rubuce, kuma a faɗe ta da Hausa da Tamajak a gidajen rediyon karkara, ba a taron otel ba.

Ba na kiran a kama yara. Kamu zai mayar da abin cikin ɗaki ne kawai, inda ba mai gani. Yaron da ya iya warware risho ya naɗa waya daidai da ido, hannun mai naɗin injin ban-ruwa ne da shi, kuma daga Galmi har Madawa masu lambu na neman irinshi ruwa a jallo. Na yi magana da wani mai gyaran injin a garinmu, ya yarda ya ɗauke shi koyo bayan la'asar.

Shekaranjiya na kira yayata. Ta ce yana zuwa garejin, bai fasa ko rana guda ba. Na ce na'urar fa? Ta yi shiru, sannan ta ce har yanzu da asuba tana jin tarinshi ta bayan katanga, kuma in ruwan mangwaron nan ya ƙare mashi, ba mai iya magana da shi a gidan.